Saurayi Da Kujerar Majalisa: Ya Halatta Mutum Ya Nemi Shugabanci Da Bakinsa?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai ba da mulki ga wanda Ya so, Mai karɓe shi daga wanda Ya so. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

A ranar 31 ga watan Mayu, 2018, Shugaban Ƙasa na wancan lokaci, Muhammadu Buhari, ya sa hannu a kan wani gyara da aka yi wa Tsarin Mulkin Nijeriya, wanda ya rage shekarun mai son tsayawa takarar Majalisar Dokoki ta Jiha daga 30 zuwa 25. Haka nan aka rage na Majalisar Wakilai ta Tarayya, na shugaban ƙasa kuwa aka sauko da shi daga 40 zuwa 35. Tun daga ran nan ƙofar da ta daɗe a rufe ga samari ta buɗe, waɗansu kuma sun shiga. A zaɓen 2023, Rukayat Shittu, tana da shekara 26, ta ci kujerar mazaɓar Owode/Onire a Majalisar Dokokin Jihar Kwara. To, doka ta gama nata aiki. Abin da ya saura shi ne wanda doka ba ta iya yanke wa kowa, watau hukuncin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa.

A ƙaddara wani saurayi ne ɗan shekara 27, malamin makaranta, wanda abokansa suka dame shi da cewa ya fito. Asibitin garinsu ba magani, ajin da ya ke koyarwa yara sun cika shi maƙil suna zaune a ƙasa, wakilinsu kuwa tun ranar da aka rantsar da shi ba a sake ganin ƙeyarsa ba. Kafin ya sayi takardar tsayawa sai ya tafi zauren malamin da ya biya masa Ahalari da Ishmawi da Risala, ya durƙusa ya ce, "Allah gafarta Malam, ina so in nemi kujerar majalisa, na zo neman shawara da albarka." Malam ya yi shiru, can ya ɗaga kai ya ce, "Ɗana, ka manta da abin da aka gaya wa Abdurrahman ɗan Samura ne?"

Wannan tambaya ba ta wasa ba ce, kuma bai kamata a kore ta da cewa zamani ya sake ba. Buhari da Muslimu sun ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana wannan sahabi neman shugabanci, ya bayyana masa cewa wanda aka ba shi saboda ya roƙa, za a bar shi da shi, wanda kuwa aka ba shi ba tare da roƙo ba, za a taimake shi a kansa. Abu Musal Ash'ari, Allah Ya yarda da shi, ya shiga wurin Annabi tare da mutum biyu daga cikin danginsa, suka nemi a naɗa su a kan wani aiki, aka amsa masu da cewa ba a ɗora wannan aiki a kan wanda ya roƙe shi ko ya nuna kwaɗayinsa. Abu Zarri ma ya nema, aka dafa kafaɗarsa aka ce masa shi mai rauni ne, abin kuwa amana ne, kuma kunya ne da nadama ran gobe ƙiyama, sai fa ga wanda ya karɓe shi da haƙƙinsa ya kuma sauke nauyin da ke cikinsa. A wani hadisin na Abu Huraira an kamanta shugabanci da uwa: daɗi lokacin shayarwa, ɗaci lokacin yaye. Duk wanda ya taɓa ganin tsohon ɗan majalisa shekara guda bayan faɗuwarsa zaɓe, ƙofar gidansa ba ko akuya, ya san ma'anar wannan yaye.

Idan haka ne, yaya mutumin da aka ce masa kada ya roƙa zai buga hotonsa ya liƙa a kowane bango, ya bi kasuwa-kasuwa da lasifika yana cewa a zaɓe shi?

Malamai na da ba su tsaya ga waɗannan hadisai kaɗai ba, domin akwai waɗansu nassoshi a gefensu. A cikin Suratu Yusuf, aya ta 55, Annabi Yusufu, aminci ya tabbata a gare shi, ya nemi sarkin Masar ya ɗora shi a kan taskokin ƙasa, ya kuma faɗi da bakinsa cewa shi mai tsarewa ne, masani. Usmanu ɗan Abil Asi, wanda shi ne ƙaramin cikin tawagar Saƙifawa da suka zo Madina a shekara ta 9 bayan Hijira, ya roƙi Annabi ya sa shi limamin mutanensa, aka kuwa amsa masa, aka yi masa wasiyya da ya lura da mafi rauninsu. Mawardi, wanda ya rasu a shekara ta 450 bayan Hijira, ya kawo wannan mas'ala a cikin Ahkamus Sulɗaniyya, ya nuna cewa waɗansu sun ce jayayya a kan shugabanci tana kore cancantar masu jayayyar, amma mafi yawan malamai ba su tafi a kan haka ba, domin mutanen nan shida da Sayyadina Umaru ya bar wa shawara sun yi ja-in-ja a tsakaninsu, ba kuwa wanda aka fitar saboda ya nuna yana so. A cikin Muhtasar, littafin da alƙalan ƙasar Hausa suka daɗe suna hukunci da shi, Shaihu Halilu ya rarrabe maganar a babin alƙalanci. Wanda ba a da wani da ya cancanta sai shi, ko ya ji tsoron fitina ko tozartar haƙƙi idan bai hau ba, to, karɓa ta wajaba a kansa, har ma da nema. Jahili kuwa da mai neman duniya, haramun ne a gare su. Ashe aiki guda ne, amma hukuncinsa yana juyawa daga wajibi zuwa haramun gwargwadon halin mai yinsa da abin da ke cikin zuciyarsa.

Ga kuma yadda tsarin ƙasa ya ke. Sashe na 106 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce ba mai zama ɗan Majalisar Jiha sai ɗan ƙasa wanda ya kai shekarun, ya yi karatu aƙalla zuwa matakin sakandare, kuma wata jam'iyya ta tsayar da shi. Babu wani halifa a nan da zai duba cikin jama'a ya ce wane, zo ka riƙe kaza. Hanya guda ce, ita ce mutum ya cika takarda ya fito. Idan dukan masu tsoron Allah suka naɗe hannu suka ce su ba su roƙo, kujerar ba za ta zauna wofi ba, wani zai hau, kuma an san ko wane iri ne. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo da kansa, sa'ad da ya ga son duniya da muƙami ya fara shiga cikin jama'ar jihadi, ya bar su wajen shekarar 1807 ya nufi gabas da niyyar aikin Hajji. Da ya iso Kano mutane suka tare shi suka roƙe shi ya koya masu yadda a ke mulki da Shari'a, ya zauna ya rubuta masu Liya'ul Hukkami, daga baya ya koma ya ci gaba da ɗaukar nauyin da ya guje wa. Gudun ya nuna tsarkin zuciyarsa, amma komawar ce ta amfani jama'a.

Sai dai a nan ne santsi ya ke. Ba a taɓa yin ɗan takarar da bai ɗauki kansa Yusufu ba. Kowa ya fito cewa ya ke yi jama'a ce ta matsa masa, shi kuwa da son samu ne da ya zauna a gida. Saboda haka wajibi ne saurayin nan ya koma ya karanta ƙissar daga farkonta, kada ya tsinci aya guda ya sa a aljihu. Annabi Yusufu bai nemi kome ba sai bayan an jarrabe shi a gidan Azizu ya tsare amana, ya zaɓi kurkuku a kan saɓo. Da aka aiko a fitar da shi, ƙin fita ya yi sai an binciki maganar matan nan an wanke shi. Sarki ne ya fara shaida masa cewa shi amintacce ne mai daraja a wurinsu, sa'an nan ya yi magana. Kuma da ya tashi nema, bai ce a ba shi ko wane muƙami ne ya samu ba. Aiki guda ya ambata, wanda ya san kansa da gindinsa, domin ya riga ya faɗi yadda za a yi noma shekara bakwai, a bar hatsi a cikin zangarniyarsa, a tanada saboda shekaru bakwai na fari. Mutum ne mai shaida a bayansa da shiri a hannunsa. Wanda ya rasa waɗannan biyu, ya ɗauko ayar yana kafa hujja da ita, aron rigar da ta fi ƙarfinsa ya yi.

To, mene ne aikin da saurayin ya ke nema? Abin mamaki, da yawa daga masu liƙa hotuna ba su iya amsa wannan. Tsarin Mulki ya ce kowace Majalisar Jiha ba za ta gaza wakili 24 ba, ba za ta wuce 40 ba. Ta Kano tana da 40. Su ne ke yi wa jiha doka. Ba kwabon da gwamna zai taɓa daga baitulmalin jiha bisa ƙa'ida sai sun amince da kasafin kuɗi. Su ne ke tantance kwamishinoni, suna da ikon kiran kowane ma'aikaci su bincike shi a kan kuɗin da aka ba shi, har ma suna iya tsige gwamna. Wanda ya ke zaton wannan iko a takarda kawai ya ke, ya tuna da watan Yuni na 1981, lokacin da Majalisar Dokokin Jihar Kaduna, wadda jam'iyyar NPN ke da rinjaye a cikinta, ta tsige Gwamna Abdulƙadir Balarabe Musa na PRP, bayan ta ƙi amince masa da kwamishinoni tun hawansa. Dokokin Shari'a da suka fara aiki a Zamfara a watan Janairu na 2000, ta Majalisar Jiha suka bi. Dokar da ta ƙirƙiro masarautun Bichi da Rano da Gaya da Ƙaraye a 2019, da wadda ta soke ta a 2024, duka biyu daga zauren majalisa guda suka fito. Ko gyaran da ya buɗe wa saurayin ƙofa bai zama doka ba sai da kashi biyu cikin uku na majalisun jihohi suka yarda da shi. Wurin da a ke ɗaga hannu a sauya makomar sarauta, da kotu, da makaranta, da kasuwa, ba wurin koyon zama ba ne.

Duk da wannan iko, majalisun jihohi sun yi suna wajen bin bayan gwamnoni kamar raƙumi da akala. A gyaran Tsarin Mulki na 2010 an kawo masu shawarar a ba su 'yancin riƙe kuɗinsu da kansu, aka rasa adadin majalisun da a ke bukata su amince, watau an miƙa wa ɗaurarre mabuɗi ya ce ba ya so. Sai a 2018 maganar ta shiga. Wannan shi ne ainihin raunin da aka ji wa Abu Zarri tsoro, ko da ya ke nasa rauni na wani fanni ne, kuma ba a taɓa tuhumarsa da kwaɗayi ba. Ɗan majalisar da ba ya iya karanta kundin kasafi ya gane inda aka ɓoye kuɗin rijiya a ƙarƙashin kuɗin liyafa, ko ya gane amma bakinsa ya yi nauyi domin gidan gwamnati ya aiko, ya ci amanar da aka ba shi ko da bai ɗauki anini ba. Jama'a kuma suna da nasu laifi a nan, domin sun mayar da wakili mai biyan kuɗin ragon suna da na asibiti. Saurayin da ya biye masu ya yi alkawarin titi da asibiti da aikin yi ga kowa, ya yi alkawarin abin da ba ya hannunsa, gama majalisa ba ta gina titi, iyakarta ta ware kuɗin ta kuma bi sawunsa. Saɓa alkawari kuwa yana cikin alamomin nan uku na munafuki.

Saura maganar shekaru. Dattawa kan ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Akwai gaskiya a ciki, amma Musulunci bai mai da wannan ƙa'idar naɗi ba. Bayan an ci Makka a shekara ta 8, Attabu ɗan Asidu aka bar wa riƙon garin, yana da shekara ashirin da 'yan kai, alhali ga manyan Ƙuraishawa. A shekara ta 11 Annabi ya naɗa Usamatu ɗan Zaidu a kan rundunar da ke ɗauke da manyan Muhajirai da Ansaru, shi kuwa bai wuce shekara 20 ba. Waɗansu suka yi gunaguni, Annabi ya fito yana cikin ciwon ajali ya ce sun soki shugabancin ubansa a da, alhali ya cancanta. Bayan wafati aka nemi Sayyadina Abubakar ya sauya shi da wanda ya fi shi shekaru, ya ƙi ƙememe. Masu tarihi sun kawo cewa ya raka rundunar a ƙasa Usamatu yana bisa, har ya nemi izninsa ya bar masa Umaru ya taimake shi a Madina. Halifa ke nan yana neman izni wurin saurayi, domin ya koya wa jama'a girmama muƙami ko wa ke kai. A nan ƙasar ma, Muhammadu Bello yana da wajen shekara 23 aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, kuma shi ya jagoranci rundunar da ta ci Alƙalawa a 1808. Alhaji Yusufu Maitama Sule yana da shekara 25 ya shiga Majalisar Wakilai a 1954.

Amma samari su yi hattara da yadda su ke ɗaukar waɗannan misalai. Usamatu a gidan Annabi ya tashi. Bello a gaban Shehu da Abdullahi ya yi karatu, ya san littafi kafin ya san takobi. Ba ƙuruciyarsu aka duba ba, abin da ke cikinsu aka duba, ƙuruciyar dai ba ta hana ba. Masu cewa tsofaffi sun ɓata ƙasa, a ba samari su gyara, sun manta cewa tsofaffin nan da samartakarsu suka shiga. Janar Yakubu Gowon yana da shekara 31 ya zama shugaban ƙasa a 1966, hafsoshin da suka yi juyin mulkin shekarar nan kuwa galibinsu sa'o'insa ne ko ƙannensa. Saurayin da ke alfahari bai taɓa cin kuɗin jama'a ba, a tambaye shi ko an taɓa ba shi mabuɗin. Idan ya taɓa riƙe kuɗin ginin masallacin unguwa, ko asusun ƙungiyar samari, ko na adashin malaman makarantarsu, ya kuma fitar da lissafi ba gyara, to, yana da abin nunawa. Ibnu Taimiyya, a cikin Siyasatus Shar'iyya, ya tsayar da muƙami a kan ƙafa biyu, ƙarfi da amana, yana dogara ga maganar 'yar dattijon Madyana a Suratul Ƙasasi, aya ta 26. Ya kuma lura cewa Annabi ya riƙa ba Halidu ɗan Walidu jagorancin yaƙi, ya hana Abu Zarri, alhali Abu Zarri ya riga shi Musulunci da nisa kuma ya shahara da gaskiya da gudun duniya. Ashe yawan sallah kaɗai ma bai isa ba, balle ƙarancin shekaru.

A ƙaddara saurayin ya kawo wa malaminsa duk waɗannan hujjoji, malam ya saurara ya gyaɗa kai, sa'an nan ya ce, "Na ji. To, ɗana, albashinka nawa ne, kuma wa zai biya?" Nan ne maganar ta ke, kuma nan ne mafi yawan masu kyakkyawar niyya ke faɗuwa tun ba a je ko'ina ba. A 2022 jam'iyyar APC ta sa wa takardar neman kujerar Majalisar Jiha naira miliyan 2, ko da ya ke ta yi rangwamen rabi ga 'yan ƙasa da shekara 40. Dokar Zaɓe ta 2022 ta ƙayyade abin da ɗan takarar wannan kujera zai kashe a kan naira miliyan 30. Wannan ita ce iyakar da dokar 2022 ta sa, kowa kuwa ya san takarda ita ce mafi arha cikin abin da a ke saye. Akwai zaɓen fid da gwani, akwai motoci, akwai masu tsaron akwati, akwai 'yan maula. Malamin makaranta ba shi da wannan kuɗi. Saboda haka sai wani mai hali ya kira shi gidansa da dare ya ce, "Yaro, na ga kana da jama'a, ni zan ɗauki nauyinka." Daga wannan dare saurayin ya sami ubangida, kowa ya ci ladan kuturu kuwa, tilas ya yi masa aski. Ranar da kwangilar ubangidan ta zo gaban kwamiti, an karɓi kuɗin asibiti ba a aza ko tubali ba, wakilin zai tuna wanda ya saya masa takarda, ya sunkuyar da kai.

Wannan ita ce fassarar hadisin ɗan Samura a aikace. An ce wanda ya roƙa za a bar shi da abin da ya roƙa, watau a janye masa taimako. Wanda ya hau da bashi yana da iyayengiji biyu, jama'ar da ta zaɓe shi da mutumin da ya saye shi, na biyun kuwa shi ne ke da lambar wayarsa. Ba a ce karɓar gudummawa haramun ne ba. Idan mutanen mazaɓa suka tara ɗari biyar-biyar, dubu-dubu, a fili, aka rubuta, ba wanda ya mallake shi a cikinsu. Abin da ke halakarwa shi ne kyautar da ke da igiya a wuyanta. Annabi ya aiki Ibnul Lutbiyya karɓar zakka, ya komo ya ce wannan naku ne, wannan kuwa kyauta aka ba ni. Annabi ya hau mumbari ya tambaya, don me bai zauna a gidan uwarsa da ubansa ba ya gani ko za a kawo masa kyautar? Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ma, a cikin Kitabul Farƙi, ya lissafa gaisuwar da a ke kai wa masu mulki cikin al'adun da ya soka. Mai kuɗin da bai taɓa tambayar lafiyar malamin makaranta ba sai da ya ji zai tsaya zaɓe, ba saurayin ya ke so ba, kujerar ya ke yi wa ciniki tun ba ta zo ba.

Akwai wani zunubi kuma da ya fi kusa da ɗan takara saurayi fiye da dattijo, domin da sa'o'insa a ke aikata shi. An ga 'yan daba a Kano, da sara-suka a Bauci, da kalare a Gombe. Duka 'ya'yan talakawa ne da aka saya wa ƙwaya da makami domin wani ya hau kujera, aka watsar da su bayan an rantsar da shi. Wanda ya fito da sunan ceton samari, ya ɗauki abokin wasansa na ƙuruciya ya sa masa gora a hannu, idan aka zubar da jini a wannan tafiya yana da kamasho a ciki, ko yana gida a kwance aka yi. Haka kuma harshe. An yarda ya faɗi abin da ya iya, kamar yadda Annabi Yusufu ya faɗa, an kuma yarda ya bayyana gazawar abokin takararsa a kan aikin jama'a idan gaskiya ne kuma yana da shaida, gama wannan nasiha ce ga masu zaɓe. Amma tonon asirin gida, da ƙage, da kafirta Musulmi domin yana wata jam'iyya, babu wani zaɓe da ke halatta su. Masu jefa ƙuri'a su ma su sani shaida su ke bayarwa cewa wane ya cancanta. Cikin mutum uku da aka ce Allah ba zai yi magana da su ba ran ƙiyama akwai wanda ya yi wa shugaba mubaya'a don abin duniya kawai, in an ba shi ya cika, in an hana shi ya warware. Wanda ya sayar da ƙuri'arsa a kan taliya da sabulu ya duba ko yana nesa da wannan siffa.

Niyya abu ne ɓoyayye, har ga mai ita. Amma tana da inda ta ke leƙowa. Idan ana tsakiyar shiri sai ga wani ya fito wanda saurayin ya san a ransa ya fi shi sani da riƙon amana, zai iya janye masa ya kuma taya shi? Sayyadina Hasan ɗan Aliyu ya sauka daga halifanci a shekara ta 41 domin a daina zubar da jinin Musulmi, yana da runduna a bayansa. Halidu, da Sayyadina Umaru ya sauke shi daga jagoranci a Sham, ya ci gaba da yaƙi a ƙarƙashin Abu Ubaida. Idan kuwa aka yi zaɓe ya faɗi, za a gan shi a ajinsa ran Litinin, yana ci gaba da bin maganar maganin asibitin nan da ya ce ita ta fito da shi, ko kuwa washegari zai sauya sheƙa zuwa inda a ke rabo? Wanda asibiti ya dama, asibitin zai ci gaba da damunsa ko da kujera ko babu. Kotu tana nan ga wanda aka zalunta, neman haƙƙi a can ba laifi ba ne.

Idan kuma Allah Ya ba shi, sashe na 94 na Tsarin Mulki ya ce ba zai zauna a kujerar ba sai ya bayyana dukiyarsa da bashin da ke kansa, sa'an nan ya yi rantsuwa. Musulmi kan riƙe Alƙur'ani ya yi ta, a gaban jama'a, ana ɗaukar hoto, 'yan'uwa suna guɗa a waje. Takardar bayyana dukiyar tana tafiya Hukumar Kula da Ɗa'ar Ma'aikata. Malamin makaranta ba zai daɗe wajen cika ta ba: babur guda, da fegi a bayan gari wanda bai gama biya ba, da ɗan abin da ya rage a banki. Doka ta ce idan wa'adinsa na shekara huɗu ya cika zai sake cika wata irinta, a ajiye ta kusa da ta farko.